Fim Mai Faɗin Farce

Ku da kuka tashi da waya a hannu kuna ganin hoto abu ne da ake dannawa ya fito, kuma ban ga laifinku ba. Amma tunda kun tambaye ni ɗan ƙarfen nan da ke cikin gilashin shagona, wanda ɗayanku ya ce abin kunna sigari ne, to ku gyara zama. Kyamara ce. Tsawonta ya ɗan wuce yatsan tsakiya kaɗan, kuma fim ɗin da take ci faɗinsa kamar farcen ƙaramin yatsa. Na yi shekaru masu yawa ina wanke irin wannan fim a nan unguwar New Bell ta Douala, har yau kuma ban gama mamakinsa ba.

Sunana Isiyaku, amma a unguwa Isiya Labo ake ce mini, saboda ɗakin duhun da muke wanke hoto labo muke kiransa. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Zazzau. Ina da shekara goma sha tara mahaifina ya kai ni wurin Baba Ɗanjuma mai hoto, a bayan kasuwa. Na je da tunanin washegari za a rataya mini kyamara a wuya. Wata uku ban taɓa ta ba. Abin da Baba ya yi shi ne ya ba ni wani mataccen fim, ya rufe ni a labo, ya ce in yi ta naɗewa ina warwarewa har sai yatsuna sun san gaban fim da bayansa ba tare da ido ba. In na fito sai ya ɗaga fim ɗin a haske. Ya ga shatin yatsa ko ɗaya, in koma. Kalma guda yake maimaitawa daga safe zuwa yamma, ita ce dusuma, wato a hankali. Wankakken fim kuwa kilishe muke ce masa, yadda masu Faransanci ke faɗa. Ranar da na fara jin an ce in miƙo kilishe, nama na shiga nema a kan tebur.

Aikin farko da na gani na ƙaramin fim na wani taransite ne, cikin masu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa, Malam Buba. Su ne manyan masu irin wannan kyamara. Daga hannun ma'aikatan jirgi suke saye, su sa a aljihun riga. In sun tarar da kwantena a fashe ko kaya sun jiƙe, su ɗauka ba wanda ya lura. Takardu ma suna ɗauka. Jikin kyamarar akwai 'yar sarƙa mai ƙulle-ƙulle, da ita ake auna nisa. Ka shimfiɗa takarda, ka ɗora bakin sarƙar a kanta, ka miƙe ta, ka danna. Ranar Baba ya miƙo mini kilishen Malam Buba ya ce in gaya masa abin da na gani. Na ce ɗigo-ɗigo ne masu toka-toka, kamar ƙuda ya yi kashi a jere. Sai ya sa shi a na'urar ƙara girma, ya kashe fitila, ya kunna ta. A kan farin allo shafi guda cur ya bayyana, rubutun tafireta layi-layi, da hatimi, da sa hannu, har da inda aka ninke takardar. Na sa yatsa na taɓa allon. Na koma na leƙa kilishen, na sake duban allon. Baba ya bar ni na gama.

A lokacin fim ɗin yana zuwa a shirye, cikin ɗan kaset mai kai biyu kamar tabarau. Wani kanti a unguwar Akwa ke sayarwa. Wankinsa kuwa sai an aika Faransa ta gidan waya, a jira wata biyu, wani lokaci ya ɓace a hanya. Baba ya ga ba dalili. Ya samo bututun gilashi, ya riƙa naɗe fim a jikinsa kamar yadda ake naɗe zare, fuskar fim tana waje, ya zura shi cikin wani dogon gwangwani mai murfi. Tankinmu ke nan. Na'urar ƙara girma kuma ya cire mata ido ya sa na wata tsohuwar kyamarar silima, don na asali ba ya iya buɗe abu ƙanƙane haka. Taransite ya kawo da safe, ya karɓa da la'asar.

Babban abokin gabarmu ƙura ce, sai zufa. Ƙurar da ido ba ya gani, in ta kwanta a kan wannan kilishe, a hoto sai ta fito kamar ƙwan kaza. Kafin mu fara aiki sai mun yayyafa wa ƙasa ruwa, mu tsaya cik har iska ta lafa. Zafin Douala kun san shi. A labo ba taga, ba fanka, domin fanka tana tada ƙura. Mutum ya tuɓe riga, ya ɗaure goshi da tsumma, domin ɗigon zufa guda yana cinye hoto uku.

Da matsin tattalin arzikin nan ya shigo, wanda kowa ke kira lakiriz, kantin Akwa ya rufe, fim ya yanke. Masu kyamara suka riƙa zuwa suna tambaya, muna ba su haƙuri. Wata rana Baba ya ɗauki babban fim na kullum ya auna da zare, ya ga in an yar da gefe biyu masu huji, tsakiyar za ta ba da ƙananan fim biyu daidai. Ya tafi wurin kafinta aka fafe masa wani katako mai tauri, aka yi masa hanya daidai faɗin fim, ya kafa reza uku a tsaye, ya shimfiɗe hanyar da karammiskin wata tsohuwar hula don kada ta karce. A cikin duhu ƙirin ake jan fim ta kan rezar nan, ja ɗaya, ba tsayawa, ba sauri. Ka tsaya, layi ya karkace, fim ya ƙi shiga kyamara. Ka yi garaje, ka yanke yatsa, jini ya ɓata sauran. Duba nan, wannan tabon da wannan, duk na rezar ne. Sannan ka naɗe ɗan siririn abin nan kamar tsinke, ka cusa a tsohon kaset, ka rufe, duk ba ka ga komai ba. Ba a daɗe ba labari ya bazu. Direbobin manyan motoci suka riƙa kawo mana kaset a cikin kwalin ashana daga Garwa da Ngaundere, su koma da cikakku.

Sai muguwar shekarar ta zo, wadda gari ke mutuwa saboda yajin gama-gari daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kaɗai ake buɗe kasuwa. Biki ya tsaya, suna ya koma na cikin gida, ba mai neman hoto. Wuta ta ɗauke a ɓangarenmu, aka yi makonni ba a gyara ba. Maganin wanki ya rage mana ƙunshi ɗaya, takardar hoto 'yan ƙwarori a kwali. A shekarar ne kuma hannun Baba ya fara rawa, idonsa ya yi hazo, duk aikin labo ya dawo kaina.

Ranar wata Lahadi cikin damina Inna Delu ta shigo shago. Matar Malam Buba ce, shi kuwa shekara tara ke nan da rasuwa. Ta gaida Baba, ta zauna a benci, ta ba mu labari. Ruwan da aka yi makon da ya wuce ya cika kwata ya shiga gidansu har ƙugu. Akwatin takardun marigayi ya kwana biyu a ciki, da aka buɗe duk sun zama kamar kunu. Ana cikin shanyar kaya sai ga jikan mutumin da ya sayar musu da filin, ya ce shi abin da ya sani kakansa aro ya ba da, ba sayarwa ba. Ko a kawo takarda ko a tashi. Mai unguwa ya sa Asabar mai zuwa za a zauna. Mutum goma sha bakwai ne a gidan, da 'ya'ya da jikoki.

Sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da gwangwanin madarar gari, murfinsa a liƙe da salatif. Ta ce a saman katanga yake, ƙarƙashin kwano, ruwa bai kai can ba. Ta tuna wata safiya, ba da daɗewa kafin ciwonsa ba, ta ga maigidan ya shimfiɗa takardu a tabarma a tsakar gida yana ta auna su da 'yar sarƙa. Baba ya buɗe gwangwanin. Kyamarar na kwance cikin busasshiyar shinkafa, yadda Baban ya saba gaya wa masu ita su riƙa ajiyewa saboda laima. Ya miƙo mini in duba masa ƙidayar da ke jikinta. An ɗauki talatin da huɗu, fim ɗin na ciki.

Baba bai ɓoye mata komai ba. Ya ce fim ɗin da aka ɗauka ba a wanke ba yana mantuwa a hankali, kuma shekara tara a ƙasa mai zafi da laima ba wasa ba ce. Ya ce mai yiwuwa ma ba shi ne na ranar takardun ba. Kuma wanki sau ɗaya ake yi, in ya lalace ba gyara.

Ta ce, "Malam, in babu, babu ce, daga Allah. Amma a duba."

Tsohon fim ba ya son ruwan ɗumi, sai ya yi duhu gaba ɗaya, mu kuwa ruwanmu ko na randa ɗumi gare shi. Dole sai ƙanƙara, kuma ba wuta a unguwa. Wuri ɗaya na san ba a rasa ta, wato Youpwé, wurin masu kifi. Ran Talata da hantsi na sami mai babur, don a shekarar ne aka fara ɗaukar mutane a kansa saboda tasi ba ta fita. Muka bi lungu-lungu muna kauce wa inda aka tare hanya da tayu. Na samo dunƙule guda, aka binne mini shi cikin garin katako a buhu. Kafin mu iso New Bell rabi ya narke a bayana. Ruwan wanki kuma na sama muka tara, muka tafasa, muka tace da farin ƙyalle sau uku. Baba ya fito da wata 'yar kwalba da ya daɗe yana ɓoyo, ya ɗebi farin gari kan tsinken ashana ya ƙara a magani, ya ce shi ke hana tsohon fim yin hayaƙi.

Muka shiga labo mu biyu, aka toshe ƙasan ƙofa. Na ɓalle murfin kaset da farce. Fim ɗin ya bushe ya murɗe kamar waya. Na fara warwarewa, ya tafi kamar taƙi guda, sai ya cije. Na ƙara ɗan ƙarfi.

"Tsaya," in ji Baba daga gefena. "Na ji ya yi ƙara. Ya manne da ɗan'uwansa. Kada ka ja."

Ni da ke riƙe da shi ban ji komai ba. Ya sa na tsoma shi yadda yake cikin ruwan sanyi, muka tsaya a duhu muna jira. Can ya ce in taɓa. Na taɓa, ya saki da kansa. Sau huɗu muka yi haka kafin ya ƙare, kowane karo kunnen Baba ne ke riga yatsana. Na naɗe shi a bututun gilashi, na zura a gwangwani, na rufe, sannan muka buɗe ƙofa muka sha iska. Aka zuba magani, gwangwanin na tsaye cikin bokitin ƙanƙara, Baba na riƙe da agogo dab da idonsa, ni ina juyawa a hankali.

Da na zaro shi, toka-toka ne daga kai har gindi, kamar an shafa masa hayaƙi. Na ce ya mutu. Baba ya ce jiƙaƙƙen fim ba a yanke masa hukunci. Muka rataye shi a kabad ya bushe. Da yamma ya sa gilashin dubawa, ya daɗe, ya ce idonsa ba ya kaiwa, ya ba ni. A ƙarƙashin hayaƙin nan na ga 'yan murabba'ai a jere, dishi-dishi, amma suna nan.

Saura bugawa, kuma na'ura ba ta aiki ba wuta. Baba ya ce lokacin da ya koyi sana'a ma ba wutar, da rana ake yi. Muka huda katakon bangon labo ta wajen da rana ke faɗuwa, muka liƙe hujin da farin ƙyalle, muka kwantar da kan na'urar ya fuskance shi, muka toshe duk wata kafa da tsumma. A waje aka jingina madubin shago don ya turo haske. Jar fitilar labo kuwa, wadda haskenta ba ya ɓata takardar hoto, tocila ce muka naɗe da jar leda ninki huɗu. Komai ya kammala, rana kawai muke jira, kuma a Douala cikin damina kun san abin da wannan ke nufi. Laraba ruwa. Alhamis ruwa tun asuba har magariba. Inna Delu ta aiko a tambaya, muka ce a ce mata ana kai. Juma'a muka je masallaci cikin yayyafi. Muna fitowa gari ya washe. Ban tsaya gaisawa da kowa ba.

Baba ya zauna a waje wurin madubi, ni ina ciki ina jan kilishe ɗaya bayan ɗaya, ina kallon allo. Kwantena. Wata kwantenar. Gefen jirgi. Buhunan da suka fashe. Haka har goma sha uku. Na goma sha huɗu sai ga saƙar tabarma, da farar takarda a kanta. Ta haraji ce. Mai bi mata ta haihuwar wani yaro. Ta ukun na daidaita idon na'ura har rubutu ya tsaya, na karanta layin farko da Faransancina na kasuwa, na ga kalmar sayarwa, na ga sunan Malam Buba. Na ƙwanƙwasa bango na ce, "Baba, tana nan." Ya amsa da cewa in bar surutu, hadari na tasowa.

Takarda ta farko haske ya yi mata kaɗan. Ta biyu ina tsakiyar ƙidaya girgije ya rufe rana, ta lalace. Ta uku ma haka. Ta huɗu Baba ya buga bango alamar sarari ya buɗe, na buɗe idon na'ura na ƙirga har arba'in, na rufe, na tsoma ta a farantin magani. Fara fat take, ina kaɗawa. Sai hatimi ya fara tasowa daga kusurwa kamar abin da ke fitowa daga ƙarƙashin ruwa, sai layuka, sai sunaye. Daga ƙarshe dangwalen yatsan mai sayarwa ya fito, har zanen fatarsa ana gani, da sa hannun shaidu biyu, ɗaya da ajami. Na buga dubban hotuna kafin ranar da bayanta, amma wannan na tsaya ina kallo har na kusa barinta ta ƙone a magani. Takardar da ruwa ya riga ya cinye, ga ta a hannuna, daga wuri da bai kai ƙwayar wake ba, bayan shekara tara a cikin gwangwanin madara.

Ran Asabar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Jikan nan ya karɓi hoton ya karanta, ya tambayi inda aka samo. Baba ya nuna masa kilishen. Ya yi murmushi ya ce a daina yi masa wasa, wannan zaren ba zai ɗauki shafi ba. Baba ya miƙa masa gilashin dubawa, ya gwada masa yadda zai ɗaga shi sama. Mutumin ya daɗe ido a manne. Ana haka wani tsoho da ke zaune a gefe ya ce a ba shi hoton, ya kai shi kusa da fuska, ya ɗora yatsa a kan ajamin ya ce wannan hannunsa ne, yana nan aka yi cinikin, har ya faɗi wanda ya yi addu'a. Jikan ya sauke gilashin ya ce shi abin da ya ji a gidansu ya faɗa, amma sunan kakansa ne wannan, ba ya jayayya da shi. Mai unguwa ya sa aka rubuta sabuwar takarda a wurin, kowa ya sa hannu, aka shafa fatiha.

Takardar hoto ɗaya ta rage mana a kwali. Tun ranar Juma'a na ga hoton ƙarshe a fim ɗin, na talatin da huɗu, ba takarda ba ce, ba kuma kaya ba. Ran Lahadi rana ta fito, na gaya wa Baba, ya ce ai ba abin da za mu ajiye ta mu yi da ita, in buga. Tsakar gida ce, mace a durƙushe tana tsince shinkafa a faifai, ta ɗan juya kai tana yi wa wani da ba ya cikin hoton dariya. Hayaƙin ya fi yawa a wannan gefen, amma fuskar ta fito.

Na kai wa Inna Delu da la'asar. Na same ta a tsakar gidan, katifu har yanzu suna shanye a kan igiya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce saura ɗaya a cikin kayan marigayi. Ta goge hannu a zane, ta karɓa ta gefe-gefe yadda ta ga ina riƙewa. Jikoki suka taru a bayanta, wata ta tambaya ko wace ce wannan. Inna Delu ta daɗe tana kallo. Can ta ce wannan zanen ma yana cikin akwatin da ruwa ya ci.

Sannan ta ce, "Ɗana, yaushe ya ɗauki wannan?"

Na ce bisa ga jeri, a ranar takardun ne, bayan ya gama da su.

Ta gyaɗa kai, idonta na kan hoton.

"Ni na zaci takardu kaɗai yake ɗauka," in ji ta.